Maguɗi ko Katsalandan? Darasin Fassara Daga Rigingimun Siyasar Amurka

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin fassara ya raba mana wasu tsofaffin labarai guda huɗu da aka rubuta da Turanci, ya ce kowa ya mayar da su Hausa kamar yadda za a karanta su a gidan rediyo. Dukkansu sun shafi siyasar Amurka, kuma duk sun faru ne cikin mako huɗu a shekarar 2017. Ranar 4 ga Mayu, Majalisar Wakilan ƙasar ta amince da wani ƙuduri na sauya dokar inshorar lafiya ta zamanin Shugaba Barack Obama. Ranar 9 ga wata, Shugaba Donald Trump ya sallami James Comey, shugaban hukumar binciken manyan laifuka ta FBI. Ranar 17 ga wata, aka naɗa Robert Mueller ya zama mai bincike na musamman a kan rawar da Rasha ta taka a zaɓen 2016. Ranar 1 ga Yuni kuma, Trump ya yi jawabi a kan makomar Amurka cikin yarjejeniyar Paris ta sauyin yanayi.

Ni Bayarabe ne. A unguwar Sabo ta Ibadan na fara tsintar Hausa a bakin abokan wasa, kafin in zo jami'a in karanta ta a aji. Saboda haka duk lokacin da aka ba da aiki irin wannan, ƙamus nake fara runguma. Amma malam ya kafa mana sharaɗi: kada kowa ya kawo aikinsa sai ya karanta wa Bahaushen da ba ya jin Turanci, ya kuma tambaye shi abin da ya fahimta. Na tafi wurin wani dattijo mai sayar da goro da na sani tun ina yaro, mutumin da rediyo ba ta barin kunnensa. Bayan mun gaisa, na karanta masa jimlata: "An naɗa wanda zai binciki maguɗin da Rasha ta yi a zaɓen Amurka."

Ya ce, "To, ɗana, akwati nawa suka sace?"

Na ce, "Baba, ba a saci akwati ba."

Ya ce, "To, ƙuri'a nawa suka ƙara wa mutumin nasu?"

Na ce, "Ba a ce sun ƙara ko ɗaya ba."

Sai ya yi dariya ya ce, "Ashe ba maguɗi ba ne. Koma ka nemo sunansa."

Babu kuskuren nahawu a jimlata, amma na gaya wa dattijon abin da bai faru ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa a labarin da ake rigima a kansa, kusan kowace kalma tana da ɓangaren da take mara wa baya. Mai fassarar da bai san yadda lamarin yake ba zai yanke hukunci a shari'ar da ba a kawo masa ba. Za mu bi batutuwan uku ɗaya bayan ɗaya: inshorar lafiya, binciken Rasha, da manufofin harkokin waje.

2.0 Rigimar Inshorar Lafiya

Kafin mu shiga kalmomi, sai mun san lamarin. Amurka ba ta da tsari guda na gwamnati da ke ɗaukar nauyin jinyar kowa da kowa. Yawancin ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Masu shekara 65 zuwa sama suna ƙarƙashin shirin Medicare, masu ƙaramin ƙarfi kuma suna ƙarƙashin Medicaid, duka biyun an kafa su a 1965. Wanda bai faɗa cikin waɗannan rukunai ba sai ya saya da kuɗinsa daga kamfani. Kafin dokar Obama, kamfani na iya ƙin karɓar mai tsohon ciwo, kamar ciwon suga, ko ya tsawwala masa farashi.

Dokar da Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris, 2010, ta hana kamfanoni korar mai tsohon ciwo. Ta yarda ɗa ko 'ya su ci gaba da zama a inshorar iyayensu har su kai shekara 26. Ta faɗaɗa Medicaid, ta kuma ba masu matsakaicin samu tallafi. Sannan ta wajabta wa kusan kowa ya mallaki inshora, in kuwa ya ƙi, ya biya gwamnati wasu kuɗi. Wannan na ƙarshe shi ya fi ta da ƙura, kuma ana iya fahimtar dalilinsa ta hanyar adashi. Inshora ta yi kama da adashi, sai dai a adashi kowa yana da ranar kwasarsa, a inshora kuwa wanda ciwo ya kama shi ne ke kwasa. Idan masu lafiya suka ƙi zubi, marasa lafiya kaɗai suka shiga, dole kuɗin zubi ya tashi.

'Yan jam'iyyar Dimokurat sun riƙa nuna cewa kimanin mutum miliyan 20 sun sami inshora zuwa 2016 albarkacin dokar. 'Yan Rifablikan kuwa, waɗanda ko ɗaya daga cikinsu bai jefa mata ƙuri'ar amincewa ta ƙarshe ba, sun ce gwamnati ba ta da hurumin tilasta wa mutum sayen haja, kuma farashi ya hau wa wasu masu saye da kuɗinsu.

2.1 Gyara, Kwaskwarima, Garambawul da Sokewa

Ɓangarorin biyu duk sun riƙa amfani da kalmar Turanci guda, wato "reform", kowa yana kiran nasa shirin da ita. Hausa kuwa tana da matakai, kuma kowane mataki yana da nauyinsa.

"Gyara" yana nuna akwai ɓaraka, an kuma toshe ta. Duk wanda ya ce "dokar gyaran harkar lafiya" ya riga ya yaba wa dokar.

"Gyaran fuska" da "kwaskwarima" suna nuna ɗan taɓawa a sama, gindin abu yana nan yadda yake. A bakin mai suka, "kwaskwarima" tana iya zama raini, wato an shafa wa tsohon abu fenti.

"Garambawul" kalma ce da makanikai ke amfani da ita idan an kwance inji gaba ɗaya an sake ɗaure shi. Tana faɗin girman aikin ba tare da ta ce ya yi kyau ko ya ɓaci ba. Ita ta fi dacewa da dokar 2010.

"Sokewa" kuwa kawar da doka ce. Taken 'Yan Rifablikan shi ne a soke dokar a maye gurbinta da wata. Amma ƙudurin 4 ga Mayu, 2017, bai soke ta ɗungurungum ba: ya cire kuɗin da ake biya na rashin inshora, ya rage abin da za a kashe wa Medicaid, ya sauya tsarin tallafi, ya bar wasu sassa kamar na shekara 26. Ke nan "ƙudurin soke wasu sassan dokar" ya fi kusa da gaskiya.

2.2 Ƙuduri da Doka

Kuskure na biyu da da yawanmu muka yi a aji shi ne rubuta "Amurka ta soke dokar Obama." Abin da ya faru ranar shi ne majalisa ɗaya ta amince da ƙuduri, da ƙuri'a 217, yayin da 213 suka ƙi. Ƙuduri ba ya zama doka sai Majalisar Dattawa ta amince, shugaba kuma ya sa hannu, kamar dai yadda yake a nan Nijeriya. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar ya ƙiyasta cewa idan ƙudurin ya zama doka, marasa inshora za su ƙaru da miliyan 23 zuwa shekarar 2026. Dattawa sun gwada nasu ƙudurorin, har zuwa tsakar daren da ya wayi garin 28 ga Yuli, 2017, lokacin da na ƙarshe ya faɗi da ƙuri'a 49, masu ƙi 51. 'Yan Rifablikan uku ne suka juya wa jam'iyyarsu baya: Susan Collins, Lisa Murkowski da John McCain. Wanda ya sanar da mutuwar dokar a watan Mayu ya yi jana'izar mai rai.

2.3 Tara da Haraji

Ga misalin da ya fi burge ni. Kuɗin da marar inshora zai biya, ita dokar "tara" ta kira shi. Da aka kai ƙara Kotun Ƙoli, sai alƙalai 5 cikin 9 suka yanke hukunci ranar 28 ga Yuni, 2012, cewa ana iya ɗaukar kuɗin a matsayin "haraji", kuma tsarin mulki ya ba majalisa ikon aza haraji. Da wannan hujja sashen ya tsira. Bahaushe ya san bambancin: tara ta mai laifi ce, haraji kuwa na ɗan ƙasa ne. Mai fassarar da ya musanya su a labarin wannan hukunci ya ɓatar da zuciyar labarin. A Disambar 2017 majalisa ta mayar da kuɗin sifiri, farawa daga 2019, amma ita dokar ba a soke ta ba. A Yunin 2021 Kotun Ƙoli ta sake korar wata ƙara da aka shigar don rusa ta.

Waɗannan kalmomi za su yi mana amfani a gida, domin dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ita ma ta wajabta inshorar lafiya ga mazauna Nijeriya.

3.0 Binciken Rasha

Yanzu mu koma ga tambayar Baba mai goro. Rahoton Mueller mai shafi 448, wanda aka fitar ranar 18 ga Afrilu, 2019, bayan an rufe wasu sassansa, ya bayyana hanyoyi biyu da Rasha ta bi. Ta farko, wani kamfani a Rasha ya buɗe shafukan bogi a Facebook da Twitter da sauransu, ma'aikatansa suna shigar burtu a matsayin Amurkawa, suna rura wutar gaba, suna yabon Trump, suna sukar abokiyar takararsa Hillary Clinton. Facebook ya shaida wa majalisa cewa mai yiwuwa saƙonnin sun isa ga mutum miliyan 126. Ta biyu, jami'an leƙen asirin sojan Rasha sun shiga kwamfutocin jam'iyyar Dimokurat da akwatin imel na John Podesta, shugaban kwamitin yaƙin neman zaɓen Clinton, suka kwashe saƙonni, aka watsa su ta WikiLeaks da wasu shafuka. Gwamnatin Rasha ta musanta duka.

3.1 Sunan Abin da Ya Faru

"Maguɗi" a kunnen ɗan Nijeriya yana nufin satar akwati, aringizon ƙuri'u ko sauya sakamako. Kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka, wanda a lokacin ɗan Rifablikan ke shugabanta, ya ce a 2019 Rashawa sun yi ta laluben na'urorin zaɓe na jihohi, amma bai ga shaidar an sauya ƙuri'a ba. Don haka "maguɗi" ya fita.

"Tsoma baki" ya yi sauƙi da yawa, domin dattijo yana tsoma baki a faɗan yara a gode masa. "Shisshigi" ya fi kama da halin mutum mai shiga sharo ba shanu, bai kai nauyin aikin gwamnati ba. "Kutse" ya dace da hanya ta biyu kaɗai, wato shiga kwamfuta ba izini. "Katsalandan" ita ce ta tattara duka: shiga lamarin da ba naka ba da nufin karkata shi.

Akwai kuma kuskure na biyu a jimlata wanda Baba bai tsaya a kansa ba, malam ne ya ja masa layi. Na rubuta "da Rasha ta yi". Irin wannan ginin jimla yana ɗaukar abu a matsayin tabbatacce. A Mayun 2017 hukumomin leƙen asirin Amurka sun riga sun faɗi matsayinsu tun 6 ga Janairu, Rasha na musantawa, Mueller kuwa bai fara aiki ba. Abin da ya kamata shi ne in jingina maganar ga mai ita: "da hukumomin leƙen asirin Amurka suka ce Rasha ta yi." A nan sai a yi hattara da "wai". Mu masu koyon Hausa muna ɗaukar ta daidai da "an ce", alhali sau da yawa tana ɗauke da shakka, wani lokaci ma da ba'a. "Wai Rasha ta yi katsalandan" jimla ce ta wanda bai yarda ba.

3.2 Matakan Shari'a

Hausa tana da tsani mai kyau: zargi, bincike, tuhuma, gurfanarwa, samu da laifi ko amsa laifi, yanke hukunci, sannan afuwa in ta samu. Binciken Mueller ya kai ga tuhumar mutum 34 da kamfanoni 3, kuma ba a mataki ɗaya suka tsaya ba.

A Fabrairun 2018 an tuhumi Rashawa 13 kan shafukan bogi, a Yulin shekarar kuma an tuhumi jami'an soja 12 kan kutse. Waɗannan mutum 25 an tuhume su, ba a gurfanar da su ba, domin hannun kotun Amurka bai kai gare su ba. Michael Flynn, tsohon mai ba Trump shawara kan tsaro, ya amsa laifin yi wa FBI ƙarya a Disambar 2017, daga baya ya nemi janye amsawar, Trump ya yi masa afuwa a Nuwambar 2020. Paul Manafort, wanda ya taɓa shugabantar yaƙin neman zaɓen Trump, an same shi da laifuka 8 a Agustan 2018, waɗanda suka shafi haraji da zambar banki da ɓoye asusun waje. Idan mai fassara ya ce "an same shi da laifi a binciken Rasha" ya yi shiru, mai sauraro zai ɗauka laifin zaɓe ne. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta.

3.3 Gurbin Korewa

Babbar tambayar binciken ita ce ko mutanen Trump sun haɗa baki da Rasha. Kalmar da jaridu suka fi yayatawa, wato "collusion", ba sunan wani takamaiman laifi ba ce a dokokin tarayyar Amurka. Mueller ya ajiye ta, ya auna hujjojinsa da laifin ƙulla makirci, wanda ke buƙatar a nuna an yi yarjejeniya tsakanin ɓangarori. Ya gano an yi hulɗa da yawa, ciki har da wani taro a benen Trump da ke New York a Yunin 2016. Ya kuma ce kwamitin Trump ya sa ran amfana da abin da Rasha ke fitarwa. Amma hujjojin ba su kai ga tabbatar da haɗa baki ba. A lura, "hulɗa" dabam, "haɗa baki" dabam, "haɗin kai" kuma ba ta da gurbi a nan, domin kalmar yabo ce.

Yanzu mai karatu ya dubi waɗannan jimloli biyu:

(a) Bincike bai tabbatar an haɗa baki ba.

(b) Bincike ya tabbatar ba a haɗa baki ba.

Kalmomin kusan ɗaya ne, gurbin korewa ne ya sauya. A jimla ta farko "tabbatar" aka kore, a ta biyu kuwa "haɗa baki" aka kore. Ta farko ita ce ta yi daidai da rahoton. Ta biyu ita ce magoya bayan Trump suka so ji. Akwai kuma ta uku, wadda 'yan adawa suka so ji, "Bincike ya tabbatar an haɗa baki," ita ma babu ta a rahoton.

Haka abin yake ga kalmar "wanke". Kashi na biyu na rahoton ya duba ko Trump ya yi wa binciken tarnaƙi, ciki har da sallamar Comey. Mueller bai ce ya aikata laifi ba, ya kuma fito fili ya ce bai wanke shi ba. Ministan shari'a William Barr ne ya ce, a wasiƙarsa ta 24 ga Maris, 2019, hujjojin ba su isa a kafa laifi ba. Trump ya ce an wanke shi tas. Maganganu uku ne daga baki uku, kowace sai a jingina ta ga mai ita.

4.0 Manufofin Harkokin Waje

4.1 Lokutan Aikatau

Labari na huɗu shi ne na yarjejeniyar Paris, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a 2015 don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Rabin ajinmu sun rubuta "Amurka ta fice." Wannan shuɗaɗɗen lokaci ne, yana nuna aiki ya kammala. Alhali ranar 1 ga Yuni, 2017, sanarwa kawai aka yi. Ƙa'idar yarjejeniyar ta hana miƙa takardar fita sai bayan shekara uku da fara aikinta, sannan a jira shekara guda. An miƙa takardar ranar 4 ga Nuwamba, 2019, fitar ta tabbata ranar 4 ga Nuwamba, 2020. Saboda haka jimlar 2017 ita ce "Trump ya ce Amurka za ta fice." Shugaba Joe Biden ya mayar da ƙasar a Fabrairun 2021, Trump kuma da ya dawo mulki ya sa hannu a umarnin sake fita ranar 20 ga Janairu, 2025. Labarin da ya yi ta kai da komo haka, dole a riƙa maƙala masa shekara.

Mai sauraro zai iya tambaya yadda mutum ɗaya ke shiga da fita haka. Amsar tana cikin kalmar "yarjejeniya", wadda ta haɗe abu biyu. Akwai wadda sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa sun amince, akwai kuma wadda shugaba ke shiga da ikon ofishinsa. Ta Paris da ta nukiliyar Iran, wadda Trump ya janye daga cikinta ranar 8 ga Mayu, 2018, ba a kai su gaban dattawa don irin waccan amincewa ba. Jimla ɗaya ta ƙarin bayani ta isa ta warware wannan.

4.2 Wace ce "Amurka"?

Mun saba cewa "Amurka ta ce", kamar baki ɗaya gare ta. A Yulin 2017, yayin da Trump ke neman kyautata dangantaka da Shugaba Vladimir Putin, majalisa ta amince da ƙudurin ƙaƙaba wa Rasha da Iran da Koriya ta Arewa takunkumi, da ƙuri'a 419 da 3 a ta wakilai, 98 da 2 a ta dattawa. Katsalandan ɗin zaɓe yana cikin dalilan na Rasha, kuma an ɗaure hannun shugaba kada ya sassauta ba tare da majalisa ta duba ba. Trump ya sa hannu ranar 2 ga Agusta yana sukar dokar. Wanda ya ce "Trump ya ƙaƙaba wa Rasha takunkumi" ya ɓoye rigimar da ke ciki. Ita kanta "takunkumi" aro ce mai kyau daga abin da ake ɗaura wa dabba a baki don hana ta ci ko cizo, kuma "ƙaƙaba" ta fi "sa" nuna tilas.

4.3 Girman Hani

Ranar 27 ga Janairu, 2017, Trump ya dakatar da shigar 'yan ƙasashe bakwai: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman. An sa Cadi a wani sabon jeri a Satumbar 2017, aka cire ta a Afrilun 2018. A Janairun 2020 aka ambaci Nijeriya, amma hanin na wancan lokaci ya shafi bizar masu neman zama na dindindin ne, bai shafi ta ɗalibai da 'yan ziyara ba. Da mai fassara ya ce "an hana 'yan Nijeriya shiga Amurka", da ya tayar da hankalin iyayen da 'ya'yansu ke shirin tafiya karatu. Biden ya janye hanin a Janairun 2021, a 2025 kuma an fito da wasu sababbi masu sharuɗɗa dabam. Kowane hani sai a tambayi wa ya shafa, wace irin biza, kuma a wace shekara.

4.4 Tsigewa

A Disambar 2019 harkokin waje da bincike suka haɗu wuri guda. An zargi Trump da riƙe tallafin soja na Yukiren don matsa wa gwamnatin ƙasar ta binciki Biden. Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'ar abin da Turanci ke kira "impeachment" ranar 18 ga wata. A Nijeriya idan aka ce an tsige mutum, ya bar kujera ke nan, kamar yadda aka yi wa Gwamna Balarabe Musa na Kaduna a 1981. A Amurka kuwa ƙuri'ar wakilai tuhuma ce kawai. Dattawa ne ke shari'a, kuma sai an sami kashi biyu cikin uku kafin shugaba ya sauka. Ranar 5 ga Fabrairu, 2020, ba a sami adadin ba, Trump ya ci gaba da mulki. Saboda haka "Majalisar Wakilai ta amince da tuhumar neman tsige shi" ta fi "ta tsige shi", ko da ta fi ta tsawo.

5.0 Aikin Gwaji

Ga jimloli huɗu, kowace tana da aibi. Mai karatu ya gano shi, ya sake rubuta ta bisa bayanan da suka gabata.

1. A Mayun 2017 Amurka ta soke dokar inshorar lafiya ta Obama.

2. An gurfanar da jami'an sojan Rasha 12 a gaban kotun Amurka.

3. Rahoton Mueller ya wanke Trump daga dukkan zargi.

4. An tsige Trump a 2019.

Bayan an gyara, a nemi Bahaushen da ba ya jin Turanci a karanta masa, a ce ya maimaita labarin da bakinsa. Idan abin da ya maimaita ya saɓa wa abin da ya faru, akwai sauran aiki.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda zaɓin kalma, gurbin korewa, lokacin aikatau da jingina magana ga mai ita suke iya sauya labari. Ƙamus zai ba mu kalma biyar a gaban kalma ɗaya, amma sanin lamarin ne ke nuna wadda za a ɗauka. Wannan ya fi zama wajibi a kanmu da muka koyi Hausa da girma, domin mukan san ma'anar kalma kafin mu san nauyinta. Mai sauraron rediyo kuwa ba shi da takardar Turancin a hannu balle ya duba, abin da muka gaya masa shi zai kai majalisar hira.

Na koma wurin Baba da sabuwar jimla: "An naɗa mai bincike na musamman a kan katsalandan ɗin da hukumomin leƙen asirin Amurka suka ce Rasha ta yi a zaɓen 2016." Ya ce, "Yawwa, ɗana. Su suka faɗa, ana bincike. To, me binciken ya gano?" Sai da muka kwashe kusan awa guda a kan jimlolin korewa biyun nan, masu sayen goro suna tsoma baki. Wanda ya ga gyara a abin da na rubuta, musamman 'yan'uwa da suka tashi da harshen, ƙofa a buɗe take a fitowa ta gaba.